Ruwa Ya Dake Mu A Kwangila

Daga Samaru har gadar Kwangila babu mahaluƙin da ya fi ni sanin yadda ake tsare sirri. Takarda ce ta faɗa, ba ni ba. Ina da digiri a kimiyyar kwamfuta, ina kan na biyu, kuma fannin da na zaɓa shi ne tsaron bayanai. Duk abin da na kulle ya kullu. Haka na yi imani, haka kuma na sanar da duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a keke.

Sunana Jemimah. Ku adana wannan da'awar tawa, masu karatu, kamar yadda ake adana rasit na kayan da ake zargin jabu ne.

Gidanmu yana bayan kasuwar Samaru, ciki uku da falo. Baba ya rasu ya bar mana kujeru masu rigar leshi, da agogon bango mai kukan tsuntsu, da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya wadda ba ta taɓa tafiya ko'ina ba, kullum tana kan teburin cin abinci, kowa da lokacinsa. Mama, wadda 'yan coci ke kira Malama Edith, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, amma ba ta yi ritaya daga sa ido ba. A gidanta ba a kulle ƙofar ɗaki. Ta ce duk ƙofar da aka kulle da rana, Shaiɗan ne ke riƙe da makullin. Sai Yaya Martin, wanda ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa, tun daga nan yake kwance a doguwar kujera yana jiran kira. Wane ne zai kira, ba mu sani ba. Shi ma bai sani ba, amma wayarsa kullum a cike take da caji.

Sai Iyke, wato Ikechukwu. A Sabon Gari aka haife shi, a nan ya girma, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana da shago a bakin kasuwar Sabon Gari inda yake sayar da farantan sola da batura, kayan da yake odarsu daga waje. Yana so na, ina son shi, kuma ya daɗe yana roƙon in ba shi rana ya zo ya gaida Mama.

Mama ba ta ƙin kowa. Ita ce ta faɗa.

"Ni ba na ƙin kowa, dukanmu 'ya'yan Allah ne. Amma duk Kirsimeti zai loda ki a mota ya kai ki ƙauyensu can kudu. Ni in ci shinkafata da wa? Ga Japheth nan, ɗan garinmu, na san uwarsa, na san kakarsa, na san har gonar da suka yi rigima a kanta."

Japheth shi ke koyar da mawaƙan cocinmu. Mutumin kirki ne. Idan yana zance da ke sai ki ji kamar ana karanta sanarwa bayan wa'azi, har ki riƙa jiran a ce a miƙe a yi addu'ar rufewa.

To, ga yadda abin ya faro. Akwai wata jarrabawa ta ƙwararru a fannin tsaron bayanai da nake so in rubuta, ta ƙasar waje, da dala ake biya. A lokacin katin naira ba ya aiki a shafukan waje. Iyke kuwa yana da katin dala saboda odar kayansa. Na kira shi na yi masa bayani.

"Wannan ne matsalar?" in ji shi. "Bari in rufe shago da yamma in zo in danna miki lambobin da hannuna. Daga nan in gaida Mama."

Ku dubi wannan shawarar da kyau. Babu littafin tsaron bayanai a duniya da zai kawo wadda ta fi ta. Mai kati ya zo da katinsa, ya danna, ya mayar aljihu. Na san haka sarai. Amma da yammar nan Mama ta gayyaci Japheth cin tuwo, ni kuma ba ni da ƙarfin halin haɗa su a falo ɗaya. Maimakon in ce ina jin tsoron uwata, sai na ce:

"Ai ba sai ka sha wahalar zuwa ba. Zamani ya wuce nan."

"To in ɗauki hoton katin gaba da baya in turo miki ta WhatsApp."

"Iyke! Kada ka kuskura."

"Me na yi?"

"Hoto yana zama a wayarka, yana zama a tawa, yana hawa ma'ajiyar intanet. Kowa ya ɗauki wayar ya gani. Ka samu biro, zan koya maka yadda masu ilimi ke yi."

"Na samu, Malama. Allah ya sa ba za a yi gwaji ba."

Na ba shi darasi. Na ce ya buɗe fayil a kwamfuta ya rubuta lambar kati, da ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun nan na baya. Sannan ya kulle fayil ɗin da kalmar sirri, yadda rubutun zai hargitse ya koma shirme, ko ɓarawo ya tare shi a hanya ba zai karanta komai ba. Sai ya aiko ta imel. Kalmar sirrin kuwa kada ya kuskura ya sa ta cikin wannan imel ɗin, ya kira ni ya faɗa da baki.

"Kwaɗo ta hanya ɗaya, makulli ta wata hanya," na ce. "Kuma kalmar ta zama doguwa. Ban da ranar haihuwa, ban da sunan uwarka. Jimla guda wadda ni da kai kaɗai muka sani. Idan na gama biya zan goge komai. Ka gane?"

"Na gane. Kawai dai zuwa Samaru ya fi wannan sauƙi."

Na yi kamar layi ya katse.

Iyke ba shi da kwamfuta, don haka ya shiga shagon da ke jikin nasa, wurin Oga Celestine. Dole in gabatar muku da shi. Dattijo ne mai furfura a gefen kunne, yana da kwamfuta biyu da wata ƙatuwar na'urar kwafe takardu da yake kira Madam. Da ita ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Kullum da safe sai ya goge ta da tsumma kafin ya goge takalminsa. Abokin mahaifin Iyke ne, kuma tun da mahaifin ya rasu shi ne ya zame masa uba a Zariya. Shi ya tsaya masa har ya samu shago. A wannan ranar su biyu suka duƙufa a kan darasina, tabarau a karan hanci, har suka kulle fayil ɗin yadda na ce.

Washegari Asabar, muna kicin muna soya cincin na bikin godiyar girbi a coci. Na ɗaura tsohon zanin Mama, hannuwana cikin kwaɓin fulawa har gwiwar hannu. Mama tana gaban kasko. Yaya Martin yana tsaye a bakin ƙofa yana aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wato ɗanɗanawa. Sai wayata ta yi ƙara a kan firji.

Ya leƙa. "Ɗan sola ne."

"Bar shi, zan kira shi."

Mama ko juyowa ba ta yi ba. "Amsa mana. Me ake ɓoyewa? Martin, sa mata a sifika, hannunta da fulawa."

Muryar Iyke ta cika kicin. "Malama, na aika. Kin shirya karɓar makulli?"

Abin da ya kamata in ce gajere ne: ba yanzu ba. Amma faɗin haka a gaban Mama daidai yake da kulle ƙofa da rana. Na dubi bayanta, na dubi cokalin da ke hannunta, na ce, "Ina ji."

Ya gyara murya, ya faɗa a hankali kamar mai yi wa 'yan aji ɗaya shifta: "Ruwa ya dake mu a Kwangila kin cinye masarata. Duk ƙananan baƙaƙe, ba tazara. In maimaita?"

"A'a!"

"Ruwa ya dake mu..."

"Na ji, Iyke, sai anjima."

Mai yana ta ƙara a kasko. Yaya Martin ne ya fara, dariya har da riƙe ƙofa. Mama ta tsame cincin, ta zuba a kwando, sannan ta juyo.

"Yaushe ruwa ya dake ku a Kwangila?"

"Mama, kalmar sirri ce kawai ta..."

"Ba ranar nan ba ce da kika dawo a jiƙe kika ce daga ɗakin karatu kike? Ashe ɗakin karatun jami'a ya koma ƙarƙashin gada. Har ana gasa masara a ciki."

Kafin yamma Yaya Martin ya sa wa jimlar kiɗa. Yana buga bayan roba yana rerawa, ruwa ya dake mu a Kwangila, kin cinye masarata. Idan na wuce ta falo sai ya ɗaga murya. Na ba da umarni a zaɓi kalmar da ba za a manta ba, kuma an bi umarnina. Babu wanda ya manta da ita a gidanmu.

Na zauna a teburin cin abinci na buɗe imel, na buɗe fayil, na biya kuɗin jarrabawa. Komai ya tafi sumul. Saura gogewa. Sai idona ya sauka a kan layi ɗaya da Iyke ya rubuta a jikin saƙon: "Duk abin da ke cikin katin nan naki ne, har da mai katin."

Ku gaya mini, wace mace ce za ta goge wannan? Na ce gobe. Imel ɗina kuwa kullum a buɗe yake a wannan kwamfutar, domin kalmar sirrina tana da tsawon da ni kaina nake jin ƙyuyar sake rubuta ta. Kwaɗo ya biyo hanyarsa, makulli ya biyo tasa, kamar yadda ilimi ya tanada. Abin da littafin bai faɗa ba shi ne duk hanyoyin biyu a falon Malama Edith suke ƙarewa.

Bayan 'yan kwanaki, ina fitowa daga lacca, Iyke ya kira. Babu wasa a muryarsa.

"Jem, kin sake biyan wani abu da katin nan? In ke ce ba komai, ki dai faɗa mini."

"Wani abu kamar me?"

"An cire kuɗi. Da yawa. Wani babban kanti na waje, irin masu sayar da komai da komai. Ko lambar tabbatarwa ba su turo mini ba. Kuɗin odar batura ne."

Abin da na fara ji ba tausayinsa ba ne, sai ku yafe mini. Haushi na ji, cewa an taɓa mutuncin tsarina. Na ce ya kira banki su rufe katin, ina zuwa. Na koma gida na sa riga da siket na atamfa mai ruwan ƙasa, na ɗora tabarau ɗin da ba na buƙata sai in zan yi bayani, na hau keke zuwa Sabon Gari.

Na same su a shagon Oga Celestine. Madam tana ta aman takardun wani ɗalibi. Iyke yana zaune a kan benci, waya a hannu. Na tsaya a tsakiyar shagon na dubi kwamfutocin nan biyu kamar likitan da ya shigo ɗakin masu amai da gudawa.

"A wacce aka rubuta fayil ɗin?"

Oga Celestine ya nuna ta hagu.

"Mutum nawa ke taɓa ta a rana?"

"'Yata, wa zai ƙirga? Ɗalibai, 'yan kasuwa, masu neman aiki..."

"Shi ke nan." Na cire tabarau don a ga nauyin maganar. "Fayil ɗin da aka kulle ba ya buɗuwa a hanya, wannan lissafi ne, ba ra'ayi ba. Daga wajena kuwa ba zai yiwu ba. Saura wuri ɗaya. Akwai wata irin cuta da ake dasa wa kwamfutar haya, tana kwashe duk abin da aka danna tana aika wa ɓarawo. Kafin ma ku kulle fayil ɗin, lambobin sun riga sun fita. Daga nan ne."

Don Allah ku yi mini adalci a nan: irin wannan cutar tana nan, kuma a lokacin na yarda da abin da nake faɗa. Ban dai duba ba. Ko kunna kwamfutar ban yi ba. Wanda ya san amsa me zai duba?

Oga Celestine ya zauna a hankali. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Oga Cele," in ji Iyke, "ba wanda ya ce kai ne."

"A shagona ne."

"Ba kai ka dasa ba."

"Ka shigo wurina da amana, ka fita ba kuɗi. A shagona ne, Ikechukwu."

Iyke ya ce ya shigar da ƙorafi a banki, sun ce za su bincika su gano inda aka aika kayan, amma sai an yi haƙuri. Na ce madalla, gaskiya za ta fito. Har na ƙara da shawarar a daina bari kowa ya soka filashinsa a kwamfutocin. Na koma Samaru ina jin na yi wa al'umma hidima.

Gaskiya ta fito kuwa, cikin kwali, a kan babur ɗin masu kai saƙo.

Na dawo daga makaranta wata rana na tarar da Yaya Martin a falo, ba a kwance ba. Wannan kaɗai ya isa ya tsorata ni. Yana tsaye da wata baƙar kyamara rataye a wuya, mai dogon hanci, sabuwa fil, yana ɗaukar agogon bango hoto.

"Ina ka samo wannan?"

"Wani abokina ne ya aiko daga waje."

"Wane abokin?"

"Ba ki san shi ba. Tsaya haka, kada ki motsa, hasken tagar nan ya yi miki kyau."

Na wuce teburin cin abinci. Yanzu ne na yi abin da aka koya mini in fara yi. Na duba tarihin kwamfutar. An buɗe fayil ɗin Iyke wata ranar Talata da rana, lokacin ina gaban malamaina ina gabatar da takarda a kan sakacin masu amfani da kwamfuta. Daga nan aka shiga shafin kantin nan. Ko goge sawu bai yi ba. A gidanmu ba a saba ɓoye abu ba.

"Yaya Martin."

Ya ga fuskata, ya sauke kyamarar.

"Aro na yi," ya ce.

"Aro? Ka tambayi wa?"

"Ai an rubuta a jiki, duk abin da ke cikin katin naki ne. Ni kuma yayanki ne."

"Sata ka yi!"

"Rage murya. Jemimah, kin san shekara nawa ina kwance a kujerar nan? Kin san yadda nake ji in Mama ta miƙo mini kuɗin aski? Biki uku kawai zan ɗauka in mayar masa, ko sani ba zai yi ba. Naki bikin ma kyauta zan ɗauka."

"An ɗora wa wani dattijo laifin!"

"Wa ya ɗora masa?"

Yaya Martin bai taɓa cin jarrabawar ɗaukar aiki ba, amma wannan tambayar ya saita ta daidai.

Mama tana bakin ƙofar ɗakinta, ban san tun yaushe ba. Ta fito ta zauna a kujerar Baba, abin da ba ta yi sai magana ta kai magana. Ta sa Martin ya maimaita komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta kwaɗa masa mari ɗaya mai kyau, ta koma ta zauna. Na ɗauka shari'a ta fara. Ashe ta ƙare ke nan.

"Zai biya," ta ce. "Ni zan tsaya a kansa har ya biya, a sa a asusun yaron a hankali ba tare da suna ba. Amma maganar nan ba za ta fita ƙofar nan ba."

"Mama, Oga Celestine..."

"Shi an kama shi ne? An kai shi ofishin 'yan sanda? Kwamfuta aka zarga, kwamfuta ba ta jin kunya. Amma in kika buɗe baki, ɗan Malama Edith ɓarawo ne daga nan har Wusasa. Ni ce ma'ajin zumuntar mata, Jemimah. Wa zai sake miƙo mini kuɗin baikon coci? Kuma shi yaron naki, kina tsammani danginsa za su bar shi ya auri ƙanwar wanda ya yashe shi?"

Ta gyara rigar leshin hannun kujera. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ki ce masa ya zo ranar Lahadi bayan sujada. Ya zo da babbansa. Na ga yaron yana da haƙuri."

"Japheth fa?"

"Japheth yana da mawaƙansa."

Na yi wata da watanni ina roƙon wannan jimlar. Na yi azumi a kanta, na sa ta cikin addu'ar safe. Ga ta an miƙo mini, a naɗe da farashinta. Kuma bari in faɗa muku abin da ba zan faɗa wa fasto ba: daɗi na fara ji, kunyar daga baya ta iso.

Duk da haka na tashi washegari da niyyar faɗin gaskiya. Na rantse. Ban sa tabarau ba. A cikin keke na shirya jimlolin, na gyara su a Kwangila, na sake gyarawa a bakin tasha. Zan ce Oga Cele, na yi kuskure. Zan ce Iyke, daga gidanmu ne. Gajeru ne, ko ɗan firamare zai iya.

Da na shiga layin sai na ga keke a ƙofar shagon, an cire kujerar baya. Ƙarti biyu suna ciccibo Madam. An naɗe ta da tsohon bargo, Oga Celestine yana biye da su yana cewa a bi a hankali, gilashin sama ba ya son girgiza. Iyke yana gefe, hannu a ƙugu, fuskarsa a murtuke.

"Jem, zo ki yi masa magana, ƙila ke ya ji taki. Ya sayar da ita. Jiya ya sa kuɗin a asusuna ban sani ba. Na ce zan mayar, ya ce in na mayar kada in ƙara kiran shi uba."

"Oga Cele..." na fara.

"'Yata, zo ki zauna, rana ta yi zafi." Ya jawo mini kujerar roba zuwa inda Madam take a da. Wurin ya bar alama a siminti, fari mai kusurwa huɗu. Ya aika aka kawo mini lemo mai sanyi, ya buɗe da kansa.

"Na sa shi ya janye ƙorafin banki," ya ce. "Me za a bincika? An san inda ɓarnar ta faru. In magana ta yi yawo a kasuwa cewa ana satar kati a shagon Celestine, ko mai buga takardar gayyata ba zan ƙara gani ba. Gara a rufe ta a nan."

Ƙorafin banki. Wanda zai nuna adireshin da aka kai kaya, bayan kasuwar Samaru, gida mai kujerun leshi. Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, kuma na san sunansa. Sauƙi ne. Ina zaune a inda na'urar mutumin take, ina shan lemonsa, ina jin sauƙi.

"Kuma na gode miki," ya ci gaba. "Ba don ke ba da cutar nan tana nan tana cin mutane ban sani ba. Mu mun tsufa, abin da muka iya shi ne kunnawa da kashewa. In kin samu lokaci ki zo ki wanke mini su biyun, zan biya ki."

"Ba sai ka biya ba."

"Kin ji? Ikechukwu, ka riƙe yarinyar nan da kyau."

Jimlolina suna nan a bakina, a jere. Na buɗe baki. Iyke ya dubo ni, da irin kallon nan nasa na ranar masara. Abin da ya fito shi ne:

"Mama ta ce ka zo ranar Lahadi. Ka zo da babbanka."

Iyke ya yi tsalle har ya buge benci. Ya riƙe kai, ya saki, ya rungume Oga Celestine. Dattijon yana dariya yana share ido da bayan hannu.

"Babbansa ai ni ne," ya ce. "Zan sa farar shaddata ta bikin Ista. Ki gaya wa Mama ba za mu zo hannu rabbana ba."

Wayata ta yi motsi a cinyata. Yaya Martin ne. "Ki ce musu su sa kaya masu haske ranar Lahadi. Zan ɗauki hoton gaisuwar, kyamarar tana son fari."

Na kife wayar.

Da na tashi tafiya Oga Celestine ya rako ni har bakin titi. Mai lemo ta biyo mu, ya zaro kuɗi daga aljihun gaban rigarsa ya ba ta. Ya tsayar da keke, ya tambayi kuɗin Samaru, bai yi ciniki ba. Na ce ina da kuɗi a jaka. Ya yi kamar bai ji ba, ya lalubo ragowar canjin da ke aljihun, ya miƙa wa mai keken.

"Ka bi da ita a hankali," ya ce masa. "Masu ilimi irinta ba su da yawa."